Wandon Alhamis

Mahaifina tela ne, kuma a iya sanina bai taɓa ɗinka wa yaro kaya daidai jikinsa ba. In aka kawo masa yaro awo, sai ya ɗora tef, ya karanta abin da tef ya ce, sannan ya ƙara abin da zuciyarsa ta ce. Zuciyar Baba kuwa mai yalwa ce. Uwar yaro in ta aiko da ƙorafi cewa riga ta yi yawa, amsarsa ɗaya ce: “Yaro girma shika yi, yadi ba shi girma.” Rarar yadin ba ya yanke ta. Kalmashe ta yake yi a ciki, a gindin riga, a ƙugu, a ƙafar wando, don in shekara ta zagayo a farke a saki. Yaran Illela da yawa na zamaninmu a cikin wannan hangen nesa suka tashi, suna tafe iska na kaɗa su.

Shagonsa na layin teloli a kasuwa, kekensa kuma baƙi ne mai ƙafa, ya girme ni nesa ba kusa ba. Keken nan yana da wani ɗingishi: in ya yi taku bakwai sai ya tsallake na takwas. Masu gyara sun yi sun gaji. Baba ya ce a bar masa abinsa, ɗinkin ba ya warwarewa, kuma ko cikin kaya ɗari aka jefa aikinsa zai tsamo shi. A kan keken nan na koyi ɗinki tun ƙafata ba ta kai ƙasa sosai ba. Darasin farko da aka ba ni, tun kafin a bar ni in taɓa almakashi, shi ne ba a yanke yadin yaro.

Shi ke ɗinka yawancin yunifom ɗin makarantarmu ta sakandare, farar riga da wando ruwan toka, kuma yana alfahari da hakan fiye da ɗinkin Sallah. Bai yi boko ba, amma in ya ga ɗalibai sun taso da rana sun cika titi, sai ya leƙo daga shago yana kallonsu kamar manomi a bakin gonarsa. Ni da nake ɗansa, nawa wandon ya fi na kowa samun albarka. Wanda ya yi mini da zan shiga ajin ƙarshe, da ni da ƙanena za mu iya shiga ciki mu yi hira. A aji sunana ya ɓace, sai dai buhun albasa.

A shekarar ce yayin fensir ya iso mana, wato wandon da ake tsuke ƙafarsa har sai ya ɗame ƙwauri. Wani ɗan ajinmu ne ya je hutu Sakkwato wurin yayansa ya dawo da shi. Ranar da ya shigo makaranta da wandon nan, ba wanda ya ji abin da malamin lissafi ya faɗa. Ƙafafunsa tsila-tsila kamar na balbela, amma mu a idonmu babu wanda ya kai shi haɗuwa a duniya. Ga shi hanyarmu ɗaya da ’yan makarantar ’yan mata in an tashi. Ba sa ce mana komai, dariya kawai suke yi a cikin hijabi, kuma kowa ya san buhun da ake yi wa dariyar.

Kowace Laraba Baba yakan tsallaka iyaka zuwa kasuwar Ƙonni ta Nijar sayen zare da maɓallai, ya kai wa masu ɗinkinsa na can kayansu, ba ya dawowa sai gab da magariba. In na taso makaranta ni ke zama a shago. Wata Laraba na tuɓe wandona, na ɗaura zanen wani mai ɗinki, na juya wandon na zana alli daga gwiwa zuwa idon sawu. Na ɗauki almakashi, na buɗe bakinsa a kan yadin, hannuna ya ƙi. Wallahi ba tsoron Allah ba ne, ba kuma hankali ba. Hannun ne kawai bai saba ba. Sai na ajiye almakashin, na bi layin allin da ɗinki, na kwantar da rarar a ciki na danne ta da dutsen guga.

Da safe Baba kan riga ni fita, in na dawo kuma yana shago, wankina ni ke yi. Inna ce kaɗai ta gani. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, “Ni ban ga komi ba. Amma randa ubanka yag gani, kada ka kira sunana.”

Laraba ta gaba mutum uku suka biyo ni shago da wandunansu a leda. Ta bayanta goma sha. Wani ya kawo awara, wani rake, wani ɗan canjin sefa da ya tsinta a aljihun babansa, wani kuma ya ɗauke mini aikin gida na lissafi har ƙarshen zango. Buhun albasa ya zama babban mutum. Ɗaya ne ya taɓa matsa mini, ɗan wani mai saida taya, wai rarar da nake bari a ciki tana cizonsa a ƙwauri, in yanke ta. Na ce masa a shagon nan ba a yanka, in yanka yake so ga layi nan cike da teloli. Na faɗa da gadara, kamar dokar tawa ce.

Malamin ladabtarwarmu dogo ne, marar yawan magana, mutumin Garu. Ba shi da saurin duka, amma yana da dabara, abin da ya fi duka ciwo. Wata Litinin ya fito asambuli riƙe da kwalbar lemo, babu komai cikinta. Muka zaci ya sha ne ya manta bai yar ba. Ya sa muka yi layi, ya tsuguna gaban na farko, ya cusa kwalbar ta ƙafar wandonsa. In ta shige ta haura zuwa gwiwa, ka wuce aji. In ta tsaya a idon sawu, sai ya zaro reza daga aljihu ya tsarge ƙafar wandon har gwiwa, ka wuni kana tafe tana yi maka fifita. Ni ina can bayan layi, da na ga gemun ’yan’uwana ya kama wuta, na zame bayan ajujuwa na farke nawa da haƙori da farce.

Waɗanda suka kai wa wasu teloli aka yanke musu, nasu ya ƙare, sai sabo. Iyaye kuwa ba su ji daɗin sayen wando sau biyu a shekara ba, da wanda tela ya yanke da wanda malam ya tsarge. Maganar ta yi zafi har aka kira taron iyaye da malamai. Mu ’yan ajin ƙarshe aka sa mu kwasar benci, da muka gama kuma muka maƙale a bayan taga.

Ban taɓa jin an yi wa wando dogon zama irin na ranar ba. Wani dillalin albasa ya miƙe ya ce shi karatu ya turo ɗansa, kuma bai taɓa jin an ce ilimi ta ƙafar wando yake shiga ba. Wani malami mai makarantar Islamiyya a unguwarmu ya ce wandon da yaro ba zai iya zaman tahiya da shi ba sai ya yi nishi, ba sutura ba ce. Wani dattijo Bafulatani da ya zo daga wajen Lafani ya saurara har suka gama, ya ce shi bai gane rigimar ba: yaro yana da rigarsa a gida, an ce bai shiga aji sai da ta makaranta, ya sai da akuya ya yi ta makaranta, yanzu kuma malam ya sa mata reza, to shi wa zai kama? Wani matashin malaminmu ya ce a bar yara su sa abin da suke so, aka yi masa caa, bai ƙara tofawa ba.

Sai Baba ya miƙe. Ya gyara hula. Ba mai magana ba ne a taro, amma in ya yi ana saurare, don a kasuwa shi ake kira in teloli biyu sun saɓa, kuma ba a taɓa kama shi da magana biyu ba.

Ya ce, “Ni ban yi boko ba, amma na san abin da rigag ga taka yi. Ɗan mai shanu ɗari da ɗan mai turin baro, in sunka shigo ƙohwag ga, ba ka gane wane na wane. Shi na amfaninta. In kunka bari kowa ya tsuke tashi, gobe wani ya zo da shadda. Amma malam, ka aje reza. Yadi bai yi laihi ba. Telan da ka amsar wandon yaro ya tsuke shi bayan idon ubanai, shi am mai laihi, kuma shi ya kamata a nema.”

Aka yi ta “gaskiya ne, gaskiya ne.” Nan take aka sa shi cikin kwamitin da zai kula da kayan ɗalibai, aka yarda kwalba ta zauna, reza ta tafi. A bayan taga abokaina suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Ɗan mai taya ya toshe baki da hula don kada dariyarsa ta fito.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa a nan basirata ta buɗe. Na lura malam ranar Litinin kawai yake fitowa da kwalba, don ranar ce ake dogon asambuli. Na kuma san abin da duk ɗan tela ya sani: in ka buɗe takun keke ya yi faɗi, ka sassauta zaren ƙasa, ɗinkin zai riƙe, amma in ka kama bakin zaren ka ja, zai zare gaba ɗaya kamar ba a taɓa yi ba. Tunda ban taɓa yanke wa kowa yadi ba, wandon zai koma buhunsa na asali. Sai na riƙa barin ɗan bakin zare a cikin kalmasar ƙafa, inda yatsa zai same shi.

Haka muka raba mako gida biyu. Laraba da yamma in tsuke. Alhamis da Juma’a mu fito ’yan birni, mu bi ta gaban ’yan mata muna taku ɗai-ɗai. Litinin da safe kowa ya ja zarensa a zaure, ya shafa ruwa a kan layin, ya taho makaranta salihi. Kwalba ta riƙa shigewa har tana juyi. Malam ya yaba mana a gaban firinsifal. Baba ma da labari ya kai masa ya ce, “Ka gani ko? Yaro in anka yi mai magana da hankali, ji shika yi.” Na ce ƙwarai kuwa, Baba. Ina ci masa tuwo ina gyaɗa kai. Abin da ya dame shi kawai a lokacin shi ne zaren toka da ke saurin ƙarewa, har ya fara zargin mutanen Ƙonni da rage ƙwaryar zare.

Mun yi wajen wata biyu muna cin wannan daula, har muka manta malam yana da ido ranar Alhamis ma.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Alhamis muna tsaye a ɗan gajeren asambuli, sai ga malam ya fito daga ofis, hannunsa a baya. Ya zo gabanmu, ya fito da kwalbar, ya ɗora ta a kan tebur a hankali. Sai kawai layukan manyan aji suka duƙa gaba ɗaya, kai ka ce liman ya yi kabbarar ruku’u. Ba ka jin komai sai fiit, fiit. Kafin malam ya tako, wanduna sun kumbura, fili kuma ya cika da zare ruwan toka, iska na jansa yana naɗe wa mutane a takalmi. Na ga kafaɗun matashin malamin nan suna rawa, ya juya baya yana kallon bishiya.

Nawa ya zare lafiya. Amma mutum goma sha ɗaya zarensu ya sarƙe, daidai wurin da keken yake tsallake. Suna nan duƙe suna fama malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya dafa kafaɗarsu.

Aka tambaye su wa ya ɗinka. A Illela duk abin da ba a son a faɗi asalinsa, an san inda ake jingina shi. Na farko ya ce a Ƙonni aka yi masa. Na biyu ya ce Ƙonni. Har na goma sha ɗaya, wanda ko gadar iyaka bai taɓa takawa ba, ya ce Ƙonni. Har gobe ina ganin girmansu.

Firinsifal ba mutumin wasa ba ne, kuma ya ji an mai da shi abin dariya. Ya rantse a gabanmu cewa in tela ne a garin nan, sai ya kai shi gaban shugabannin kasuwa, in kuma ɗalibi ne, ya gama makarantar nan, ko da saura kwana ɗaya jarrabawa. Mu kuwa saura mako shida mu fara jarrabawar fita. Ya ce goma sha ɗayan su zo gobe da kayan gida, wandunan a hannu, za a kira masani ya duba. Da ya ce masani, na san wa za a kira. Masani ɗaya ne a kwamiti.

Da yamma Baba ya dawo da fara’arsa, ya ce wa Inna an aiko masa daga makaranta. “Gobe ni ga ɗan banzan telan da ka lalata ɗiyan mutane. Ko Ƙonni shike, in nig ga hannunai na san shi.” Inna ta dube ni, ta tashi ta shiga ɗaki. Na buɗe baki sau biyu in faɗa masa. Tsoro ya hana ni. Ba wani dalili mai kyau da zan ƙirƙiro yanzu, tsoro ne kawai.

Ranar Juma’a aka tara makaranta duka, har da wasu iyaye. Aka jibge wandunan a kan tebur kusa da kwalbar. Baba ya zo da farar rigarsa ta Juma’a, tef a wuya, ya gaisa da malamai hannu bibbiyu. Ya ɗauki wando na farko ya juya cikinsa. Ina layi na uku, ina ganin komai. Ya ɗora babban yatsa a kan ɗinkin yana bi, leɓɓansa na motsi. Na san abin da yake ƙirgawa. Ya kai bakwai, yatsan ya tsaya. Ya ci gaba, ya sake kai bakwai. Ya ajiye, ya ɗauki na biyu. Wannan bai ƙirga ba, rarar yadin ya kama, ya buɗe ta, ya ga tana nan cif, an kwantar da ita an goge yadda shi yake yi. Haka ya bi goma sha ɗayan, ba gaggawa. Ko sau ɗaya bai ɗago ya nemi inda nake ba.

Firinsifal ya ce, “To, Malam, aikin Ƙonni ne?”

Baba ya ce, “Ba Ƙonni ba ta.”

“Na garin nan ne ke nan. Ka gane hannun?”

“Na gane keken. Nawa na.”

Fili ya ɗauki guna-guni. Firinsifal ya yi zaton bai ji daidai ba, ya ce, “Keken shagonka? To wa ya hau shi?”

Baba ya cire tef daga wuyansa ya naɗe shi a hannu. Ya ce, “Ranka ya daɗe, shago nawa na, keke nawa na, zare nawa na. Abin da duk yah hito shagon ga, ni na. Kada a nemi kowa.”

Firinsifal ya daɗe yana kallonsa. Sannan idonsa ya biyo layuka ya sauka a kaina, ya ɗan zauna, ya koma. Ba wawa ba ne, malamin kwalba ma ba wawa ba ne. Amma dattijo ya tsaya a gaban jama’a ya ce shi ne, kuma ba a ce wa irinsa ƙarya kake yi. Firinsifal ya ce an ji, za a zauna a kwamiti. Baba ya nemi a ba shi wandunan ya gyara, ya tattara su ya rungume a ƙirji, ya bi ta tsakiyar fili ya fita. Mutumin da ya shigo ana ba shi hannu bibbiyu, ba wanda ya raka shi ƙofa. Ni kuma ina tsaye a layi cikin buhuna, ina kallon bayansa.

Kafin a sauko Juma’a labari ya gama kasuwa. Wasu sun yi zargin ɗan ne, amma mutane sun fi son labarin da ya fi daɗi, kuma wanne ya kai na telan da ya yi wa’azin wando a taro alhali shi ke tsukewa a ɓoye? Aka cire shi daga kwamiti. Ɗinkin yunifom ya koma wasu shaguna. In ya ratsa layi sai wani ya ɗaga murya, “Malam, a tsuke man babbar riga, biki gare ni!” a kwashe da dariya. Yakan yi murmushi ya wuce. Abin da ya fi ci mini rai, aka daina kiransa sulhu. Teloli biyu suka yi rigima a kan mai ɗinki a ƙofar shagonsa, aka tsallake shi aka je neman wani.

A ranar Juma’ar da yamma ya kira ni shago. Na tafi na shirya wa duka, har ina fatan a yi, don in samu sauƙi. Na tarar ya baje wandunan. Ya miƙo mini reza ya ce in kwance inda ya sarƙe, in kula kada in taɓa yadi. Ina kwancewa yana gogewa. Haka muka gama shida. A na bakwai ya ɗaga wandon ya duba a haske.

Ya ce, “Wa yag gwada ma sassauta zaren ƙasa?”

Na ce ba kowa.

Ya ce, “Hm.” Ya juya wandon. Na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa kafin ya kama shi. Sannan ya ce, “Da na ishe ka yanke ko yatsa guda na yadin mutane, da bakina za ni hwaɗin sunanka gaban kowa. Na diba duka. Ba ka yanke ba.”

A nan kuka ya zo mini, irin mai majina, ni da nake ganin na zama saurayi. Na ce gobe zan je wurin firinsifal in faɗi gaskiya, a mayar masa da sunansa. Ya ajiye dutsen guga a kan murfinsa.

Ya ce, “Kai, zamna. Suna na riga na bada shi, an amsa. In kat tahi ka hwaɗi, su kore ka, kuma su ce tsohon ya yi musu ƙarya. Ka ga na yi hasara biyu. Ba ka hwaɗa ma kowa, ba yau ba, ba gobe ba, sai randa ba ni duniya. Ka tahi ka rubuta jarrabawarka.”

Na rubuta ta a cikin buhun albasa, ban rage masa ko taku ɗaya ba. Malamin kwalba ya tsuguna gabana a ƙofar zauren jarrabawa ranar farko, ya dubi ƙafar wandon, ya dubi kwalbarsa, ya ce in wuce, wannan ko tulu ya shiga. Na ci jarrabawar, na tafi karatu, na dawo. Rigimar yunifom kuwa ba ta mutu ba. Bayan fensir an yi ta tsawon hijabi, an yi ta takalmi, yanzu ana ta aski. Duk taron da aka kira sai wani ya miƙe ya maimaita maganar ɗan mai shanu da ɗan mai baro, ba tare da ya san bakin da ta fara fitowa ba. Baba bai sake zuwa taron makaranta ba, ko na ƙannena. Sai dai ya sa Inna ta tura wani a madadinsa.

Sau biyu na roƙe shi ya sake ni daga alkawarin, bayan na fara aiki, lokacin da babu mai iya korata daga ko’ina. Na farko ya ce ba a tada tsohon ɗinki, yadi yake ci. Na biyu yana kwance ba lafiya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, “Kai dai ba ka son a ce tsohonka ya taɓa zama ɗan gaye.”

Ya rasu da damina ta wuce. A wurin zaman makoki, ina raba ruwa, na ji wasu dattawa biyu na layin teloli suna yabonsa ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa. Ɗayan ya ce ƙwarai, in ka ɗebe ’yar maganar nan ta wandunan makaranta, ai ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Na tsaya da buta a hannu. Shekara da shekaru ina jiran ranar da zan sami izini, ga ta ta zo, kuma ba irin zuwan da na so ba.

Na ajiye butar, na tsuguna a gabansu, na ce wa wanda ya yi maganar, “Baba, wandunan nan ba shi yaɗ ɗinka su ba. Ni na. Ran Laraba, in ya tahi Ƙonni.”